Tukwanen Ushafa da kasuwar cikin waya

Daga Dutsen Alhaji hanya take fara hawa. Mota na ratsa duwatsu, rumfunan masu POS da allunan talla na raguwa sannu a hankali, har a iso mararrabar da ke kai mutum Ushafa da madatsar ruwa ta Usuma, wadda birnin Abuja ke sha daga gare ta. Wanda ya miƙe zai faɗa garin Bwari, mazaunin hedikwatar hukumar JAMB, da Jami'ar Veritas, da Makarantar Horar da Lauyoyi da aka dawo da hedikwatarta nan daga Legas a 1997.

Kasuwancin cikin gari na baƙi ne. Ɗaliban lauya, masu yawo cikin fari da baƙi, zamansu bai cika wuce shekara ba, sai su tafi wasu su zo. Saboda haka mai sayar da abinci da tela da mai wanki duk sun gane cewa allon bakin shago bai isa ba. Abin nema shi ne lambar waya ta shiga zauren WhatsApp na ɗalibai. Da safe a ɗora hoton abincin ranar, a yi oda, a tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, ɗan acaɓa ya kai har ƙofa. Mai dabara kan roƙi masu tafiya su bar wa sababbin zuwa lambarsa. Wannan ɓangaren ya kama hanya.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne Ushafa. Ginin tukwane tsohuwar sana'ar matan Gbagyi ce, kuma a zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida aka kafa musu cibiya a ƙauyen. A watan Agusta na 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya zo nan da ƙafarsa, har wasu ke kiran wurin ƙauyen Clinton. Kamfanoni na kashe miliyoyi don su sami rabin irin wannan suna.

Sai ka tsaya kusa da maginiya za ka san abin da ake sayarwa. Takan aje curin yumɓu, ta nutsa hannu a tsakiyarsa, ta riƙa jawo shi sama tana zagaya shi da ƙafa, bayanta a sunkuye. Tukunyar na zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke juyawa. Ta ɗora wani murjin yumɓun a baki, ta shafe da jiƙaƙƙen tsumma har mahaɗin ya ɓace. Idan jikin ya ɗan sha iska sai a zana masa ado da tsinke ko wuƙa, a shanya, sannan a gasa. Daga nan randa da tulu da kasko da tukunyar furanni ke fitowa.

To amma ɗaga irin tukwanen da ake jerawa a bakin hanya ka dubi gindinsu. Galibi babu suna, babu tambari. Mai saye ya ce, "Mama, nawa ne gaskiyarsa?" a yi ciniki, ya sa a but ɗin mota, shi ke nan an rabu. Gobe baƙo ya ga randar a falon mai sayen a Maitama ya yaba, ba wanda zai iya cewa ga wadda ta gina ta. Dillalin da ya ɗauki hotonta ya sa a Instagram shi ne ke cin riba, shi kuma ake sani.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna Ladi Kwali. Ita ma 'yar Gbagyi ce, da irin wannan hannun ta fara. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A can akan buga wa kaya hatimin cibiyar da alamar wanda ya gina, nata haruffa biyu ne, LK. Ta rasu a 1984, amma har yanzu ana gwanjon tukwanenta masu zanen ƙadangare da kada da kifi a Landan da tsada, hotonta kuma na bayan takardar naira 20. Gwanintarta ce ta kai ta, babu shakka. Sai dai hatimin nan ne ya sa kowace tukunya ta tafi da sunanta.

Mukan ce abu mai kyau shi ke sayar da kansa. A kasuwar waya ban yarda da wannan ba, domin kaya dubu ne ke wucewa ta gaban ido cikin minti ɗaya. Abin da ke tsayar da yatsan mai kallo a TikTok ko Facebook shi ne ganin hannu na aiki, kuma Ushafa na da shi a wadace. Gajeren bidiyon maginiya tana zagaya tukunyarta ya fi hoton kaya jere a ƙasa. Sannan a san wa ake nufi: kaskon turaren wuta na kayan ɗakin amaren Kano da Zariya ne, tukunyar furanni ta otal-otal da gidajen Asokoro ce, randa kuwa ta duk mai son ruwan sanyi ba tare da jiran wutar lantarki ba. Kowanne da irin maganar da za a yi masa.

Akwai kuma matsalar aike, wadda talla ba ta magance ta. Tukunya abin fashewa ce. In an ba direba a tasha ta isa a tsage, wa zai ɗauki asara? Wanda bai tanadi kwali da ciyawar naɗi ba, bai kuma faɗi sharaɗinsa tun kafin a biya ba, ciniki ɗaya zai yi da mutum.

'Ya'yan waɗannan mata suna da wayoyi, da yawansu sun yi boko. Su sassaƙa wa iyayensu hatimi, su buga shi a gindin kowace tukunya tun tana ɗanya, su buɗe shafi da sunan maginiyar. Ya kamata ƙaramar hukumar Bwari ta taimaka musu da horo da kayan naɗi. Kai kuma mai karatu, in ka je Ushafa sayen randa, tambayi sunan wadda ta gina ta, ka faɗa wa duk wanda ya yaba.