Daren da na kwana kan teburin lissafi a Kafanchan

Ni dai tun ina makarantar sakandare ba mu shiri da lissafi, shi ya sa ma na gudu zuwa aikin jarida. To, amma da na je gida Kafanchan hutun ƙarshen shekara, sai na tarad da ƙanwata, wadda ke koyar da lissafi mai zurfi a wata sakandare ta garin, ta baje takardu a tebur har tsakar dare. Na ce, “Malama, lafiya?” Ta ce, “Yaya, wata tambaya ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ga shi da an koma makaranta zan tsaya gaban yara da ita.”

Abin da ke wahalshe ta shi ne reshen lissafin da ake kira intigireshan. Da na nemi bayani sai ta kawo mini misali da jirgin ƙasa, abin da kowane ɗan Kafanchan ya sani, tun da yake mahaɗar layin dogo ce ta raya garin. In jirgi ya bar tasha yana ƙara gudu yana ragewa, kuma an san ƙa'idar gudun nasa a kowane lokaci, wannan lissafi ne zai fid da nisan da ya ci. Amsar kuwa ba adadi ɗaya ake nema ba, wata sabuwar ƙa'ida ce ta haruffa da alamomi, wadda za ta yi aiki ko wane lokaci aka tambaya. Ta ce daga nisa zuwa gudu hanya ce miƙaƙƙiya, kamar niƙa dawa ta zama gari. Komowa baya kuwa kamar a ba mutum gari ne a ce ya faɗi gonar da aka nome shi.

Tana da wata manhaja ta kyauta a tsohuwar kwamfutarta. Ta sa mata tambayar, na'ura ta yi shiru, sa'an nan ta maido mata da tambayarta yadda ta ba ta. Wata tambayar kuma ta amsa, amma amsar ta cika layi huɗu, ba wanda zai iya rubuta ta a allo, balle ya nuna wa yaro inda aka bi aka iso.

A nan ne na fara jin labarin Rubi. Wani Ba'amurke ne, Albert Rich, ya ƙirƙire shi. Shi da David Stoutemyer ne suka yi manhajar muMATH a 1979, da kuma Derive a 1988, a Hawai. Daga baya Rich ya duƙufa shekara da shekaru yana tara dokoki, kowace doka tana cewa: in ka ga tambaya mai siffa kaza, bisa sharaɗi kaza, to mai da ita kaza. Dokokin sun haura 6,000, kuma an gwada su da tambayoyi fiye da 70,000. Wannan ya bambanta da hanyar da Robert Risch ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1960, wadda ke da ƙarfi ƙwarai amma ba irin hanyar da ɗan Adam ke bi da alli ba ce. Rubi kuwa yana iya nuna dokar da ya ɗauka a kowane mataki, kuma yana neman gajeriyar amsa. Abin da malami ke bukata ke nan.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Rich, wanda ya rasu a 2023, ya bar dokokinsa kyauta ga duniya, amma da harshen Mathematica ya rubuta su, ita kuwa ta sayarwa ce, da dala. Watau an ba ka doki, amma linzami na hannun wani. Malamar da ke jiran albashi a kudancin Kaduna ina ta ga dala?

An yi ƙoƙarin kwance wannan ƙulli. A 2017 da 2018 ɗalibai sun yi aikin juya dokokin zuwa SymPy, manhajar kyauta ta harshen Python, amma aikin bai zauna da gindinsa ba, daga baya aka cire shi daga cikinta. Wahalar ba a fassara dokokin kaɗai take ba. Dole na'ura ta iya duban tambaya ta gane, cikin dubban siffofi, wadda ta dace, kuma ta yi haka da sauri. Masu Symja, wadda aka rubuta da Java, sun dace da shigar da dokokin cikin tasu. A ganina wannan aiki ne da ya kamata malaman lissafi da na kwamfuta a Jami'ar Jihar Kaduna, mai reshe a Kafanchan, da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya su sa ɗalibansu a ciki, domin ba ya bukatar wani babban ɗakin gwaji, sai haƙuri da lantarki.

Lantarkin kuwa ya ɗauke wajen ƙarfe ɗaya. Ƙanwata ta kunna fitilar wayarta, ta ɗauko wani tsohon littafi mai jerin dokoki a shafukan baya, ta yi ta bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Aikina shi ne riƙe fitila. A gwaji na uku ta samu wadda ta dace, ta rubuta amsar cikin layi ɗaya, ta ce, “Yaya, matso da hasken nan, saura tambaya biyu.”