Ɗana, Ka Saki Bushiyar Nan

 

Na ga hoton da ka turo ta WhatsApp, bushiya a dunƙule cikin bokiti, jikokina sun yi mata zobe. Ka tambaya ko a haɗa mata keji. A'a, ɗana. Na amsa maka a fili ne don ba kai kaɗai ke lambu a gefen Naraguta ba, maƙwabtanka ma suna tsintar ta tsakanin kunyoyi.

In ta saki jiki ta buɗe, duba ƙafarta ta baya. Yatsu huɗu za ka gani, ga ciki fari sol. Irin tamu ke nan, wadda ta bazu daga Senegal har gabashin Afirka. Tana da 'yar'uwa a hamada, daga Sahara zuwa ƙasar Larabawa, mai baƙar fuska da manyan kunnuwa, amma waccan ba ta hawo Filato ba. Kada kuma yara su ɗauke ta beguwa. Beguwa ce ke tone rogo da dankali, ƙayarta dogaye masu saurin cirewa. Ta bushiya gajeru ce, dubbai, kafe a fata.

Ba ruwanta da kabejinka. Da rana tana kwance ƙarƙashin dutse ko cikin tsohon suri. Sai bayan magariba take fitowa ita kaɗai, hanci a ƙasa, domin ganinta ba shi da ƙarfi, da sansana da sauraro take farauta. Gara, gyare, tsutsa, tana, dodon koɗi, duk nata ne. Har kunama takan ci, don Allah ya ba jikinta juriyar dafi fiye da yawancin dabbobi masu girmanta. Wato tana yi maka gadin dare ba ko sisi. Wata rana za ka ga ta tauna wani abu mai baƙon wari, ta tara kumfa a baki, ta lanƙwasa tana shafa wa ƙayarta. Ba hauka ba ne, ɗabi'arta ce. Kada wani ya ɗauko sanda.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ka kama ta. Ruwa ya sauka tun Afrilu, ƙwari sun fito, yanzu ne lokacin haihuwar bushiya. Cikinta kamar mako 5 ne, 'ya'yan kuma makafi ake haifarsu, ƙayarsu taushi, sai sun yi kamar mako 2 idonsu ke buɗewa. In wannan mace ce mai shayarwa, kowane dare da ta kwana a bokitinka akwai waɗanda suka kwana da yunwa a wani rami. Ka san hadisin matar da ta tsare kyanwa. Kada a ba ta madara, zawo take sa ta. Ruwa a murfin roba ya isa.

Yara za su ce ai a Amurka ana kiwonta a ɗaki. Gaskiya ne, kuma kakannin waɗancan daga Afirka aka kwashe su. Amma tana ɗauke da kaska da ƙuma, wani lokaci har ƙwayar cutar da ke kawo gudawa. Duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu.

Dabararta ɗaya ce tak a duniya. In ta ji motsi sai ta ja naman bayanta, kai da ƙafafu su shige, ta zama curin ƙaya tana huci. Sau da yawa wannan yakan ishe ta da kare da dila. Bai ishe ta da tayar mota a hanyar Bauchi ba, bai ishe ta da wuta ba. In hunturu ya shigo, sanyin Jos na Disamba da Janairu ya kama, ƙwari sun ɓuya, sai ta lafe cikin tarin ganye ta rage motsi, tana cin kitsen da ta tara da damina. Daidai lokacin ne samari ke cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Gafiya takan gudu, zomo ma haka. Ita sai ta dunƙule ta jira wutar ta wuce. Na taɓa samun ɗaya a cikin toka, a dunƙulenta, kuma har yau ban manta ba. Saboda haka duk tarin shara da za ka ƙona, ka fara juya shi da manjagara.

Maganin feshi ma ka rage, musamman da yamma, domin ƙwaron da ya sha guba ita ke cinye shi. Dā shingen kyarana ne ke kewaye gonakin ƙauyukan Birom, tana ratsawa yadda ta ga dama. Yanzu kowa bulo yake ɗorawa. In ka tashi katange lambun, ka bar mata kafa a gindi, faɗin tafin hannu.

Yau bayan magariba ka kai bokitin daidai inda ka same ta, ka kwantar da shi a gefe. Ka tafi da yaran, ku koma nesa kaɗan, a ɗaure kare. Ka gaishe mini da maiɗakinka.

Wassalam,
Mahaifinka