Wayar kuɗi hannu da wayar kwantiragi

A nan Ingila, da yawa daga masu riƙe da sabuwar iPhone ko Samsung ba su biya kuɗinta a dunƙule ba. Mutum zai shiga shagon EE, O2 ko Vodafone, a duba tarihin bashinsa a kwamfuta, ya sa hannu kan yarjejeniyar wata 24, wani lokaci 36, ya fito da waya a aljihu. Duk wata sai a ciri kuɗin wayar da na kira da na data daga asusunsa. Ko ta faɗa ruwa a sati na biyu, biya ba ya tsayawa.

Tsarin ya dace da mai albashi, wanda ya san ranar da kuɗi za su shigo. Amma sai da hukuma ta yi ta tsawatarwa. A Disamban 2021 hukumar sadarwa ta Ofcom ta hana kamfanoni sayar da wayar da aka kulle kan layinsu kaɗai, kuma daga Janairun 2025 ta hana su ɗaura ƙarin kuɗin tsakiyar kwantiragi kan hauhawar farashi.

Mu a gida Najeriya kuɗinmu na kaka ne. Manomin rake a Makarfi ko Kudan, ko mai tumatir a Ikara, sai amfani ya fita yake tunanin waya. Ya hau mota zuwa PZ a Zariya, ko ya zarce Farm Centre a Kano, ya zaɓi Tecno, Infinix ko itel, ya gwada kyamara, ya tambayi ƙarfin batir, domin wuta ba ta da tabbas. Ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. Layi kuma harkarsa daban: MTN a rami ɗaya, Airtel a ɗayan, ya sa kati gwargwadon aljihunsa.

Ni dai na fi son namu, kuma dalilina ba kishin gida ba ne. Wayar da ka biya kadara ce. Ranar da taki ya yi tsada, ko aka kwantar da yaro a asibiti, kana iya sayar da ita kafin la'asar, ka koma ƙaramar mai tocila, babu mai binka ko sisi. Gaskiya ne akwai cutuwa: matashin da zai iya neman abinci da waya mai kyau yakan daɗe yana adashi kafin ya mallake ta.

Wannan giɓin ne kamfanonin Easybuy da M-KOPA suka shigo cikewa a Najeriya. Ka ba da kafin alƙalami, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, in ka makara wayar ta kulle kanta. Jimillar ta fi farashin kuɗi hannu, ga kuma tambayar riba da mutanenmu ba sa wasa da ita. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin biyan. A watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, daga ina manomi zai fitar da kuɗin mako?