Keken tsere a ƙasar yashi da tsidau

Yau maganar keke na kawo muku, kuma na san wasu za su ce rashin abin faɗa ne. To ku ɗan yi haƙuri.

A gidaje da dama a garin nan akwai tsohon keke jingine a zaure ko bayan rumbu, ana jiran masu sayen gwangwan su zo su auna shi a kilo. Namu ma saura kaɗan ya tafi haka. Peugeot ne na shekarun 1970, mai lanƙwasasshen kai irin na ƴan tsere, wanda marigayi kawuna ya taho da shi daga Yamai lokacin yana malamin makaranta. Da aka zo rabon kaya babu wanda ya kalle shi, sai ni na ce a bar mini. Niyyata in tayar da shi saboda ɗan yayata da ke karatu nan cikin gari, gidansu kuma yana ƙauye, kuɗin kabu-kabu kullum ya fara fin ƙarfin uwarsa. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda man kwalba ya koma a bakin hanya.

Abin da nake so mutane su gane shi ne, gyaran irin wannan keke a nan daban yake da wanda samari ke kallo a waya. Can Turai ƙoƙarinsu keke ya rage nauyi. Mu nan damuwarmu ita ce, in abu ya lalace, za a samu madadinsa a kasuwa ko kuwa?

Mu fara da taya, don nan ne akasari ake asarar kuɗi. In ka je wurin mai kayan keke ka ce a ba ka taya lamba 28, zai miƙo maka ta manyan kekunan nan irin Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau. Waccan bakinta milimita 635 ne. Wilin keken tsere kuwa, wanda ake rubuta wa 700C, milimita 622 ne, ga kuma wata ta uku mai lamba 27 wadda take 630. A ido duk ɗaya suke, amma ko za ka kwana kana dannawa ba za ta zauna ba. Lambar gaskiya tana jikin tayar da ƙananan haruffa, misali 32-622. Ta farko faɗi, ta biyu bakin wili. Ita za ka kwafa a takarda ka ba wanda zai sayo maka a Damagaram ko Kano.

Ni mai faɗin 32 na sa, mafi kauri da jikin keken zai ɗauka. Ƴar siririyar nan ta 23 kyau gare ta a hoto, amma da ka sauka daga kwalta sai ta nutse cikin yashi, tsidau kuma ba ya yi mata da wasa. Dattijon da ke yi mini gyara ya ƙara da tasa dabarar: ya tsaga tsohon tub ya shimfiɗa a cikin tayar kafin ya sa sabo. Nauyi ya ɗan ƙaru, zuwa wurin mai faci ya ragu.

Shi wannan dattijo ne ya tsaya a kan maganar gindin feda, inda ƙarfen ke juyawa a kan boris. Wani yaro ya kawo sabon kofi zai ɗaura, sai ya riƙe masa hannu. Na ce, "Baba, ai sabo ne." Ya ce, "Sabo ne, ɗana, amma ba ɗan gidan ba ne." Gaskiyarsa. Tsofaffin kekunan Faransa zaren murɗinsu daban yake da na Ingila, wanda kusan duk kayan kasuwa ke bi yanzu. A na Ingila ɓangaren sarƙa hagu ake murɗa shi, a na Faransa duka biyun dama ne. Ka tilasta masa na Ingila, zaren ya cinye, shi ke nan keken ya zama na masu kilo. Wanke tsofaffin muka yi da kananzir, aka zuba sababbin boris da giris.

Giya ma na bar ta yadda take, ƴan sandunan nan biyu da ke jikin ƙarfen ƙasa, waɗanda kake ja da hannu har ka ji sarƙa ta zauna. Samarin fadarmu sun so in sa irin ta zamani da ke haɗe da birki. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce a nan: ƙurar hunturu ta shige ta, ta ƙi aiki, babu mai buɗe ta a garin nan. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, mun ga yadda ƙaramin abu daga Kano ya zama sai an yi jira. Sarƙa kuwa sabuwa na saya, kuma don Allah a daina shafa mata baƙin man inji. Yashi yake kamawa ya riƙa cin haƙora. Ɗan mai kaɗan, a goge da tsumma.

Birki, wayoyi da sirdi duk an canja. Fenti ban taɓa ba, zakin Peugeot yana nan a goshinsa ko da ya koɗe.

Abin da ya rage mai wuya shi ne shi kansa yaron. Da farko kunya yake ji, wai abokansa za su ce talauci ne ya sa shi hawan keke. Sai na nuna masa Biniam Girmay, ɗan Eritriya da ya ci zango uku a Tour de France a 2024 ya kuma tafi da koriyar riga. Na ce masa Burkina ma, maƙwabtanmu, tun 1987 suke shirya Tour du Faso. Ko wannan ne ya shawo kansa, ko kuwa ranar da ya tsere wa abokan nasa a kan hanyar Kance, shi ya sani. Yanzu dai da asuba shi ke duba iskar taya da kansa.

Abu ɗaya ya rage mana. Kofin ɓangaren sarƙa ya fara gajiya, kuma sai irin na Faransa zai yi. Duk mai tsohon Peugeot ko Motobécane da ya yanke shawarar ba masu gwangwan, ya yi mini magana tukuna, zan biya fiye da kuɗin kilo.