Ƙwan Fitilar da Ya Dace da Fuskar Muhammadu Ali

Tun bayan Sallar Layya mutanen unguwa ke tambayata labarin ƙaton akwatin nan mai ƙafa huɗu da ya tare rabin shagona. Wasu sun ce kalokalo ne, wato injin caca, har wani dattijo ya ja ni gefe bayan La'asar ya ce, "Haba Malam, da tsufanka?" To bari in yi bayani sau ɗaya a nan, kowa ya huta. Sunansa finbol. Abin wasa ne na Amurkawa. Tebur ne mai gangare an rufe shi da gilashi, ana harba ƙwallon ƙarfe mai kama da ƙatuwar ƙwayar boris ta hau sama, ta gangaro tana karo da abubuwa tana tara maki, kai kuma kana tare ta da 'yan hannuwa biyu daga ƙasa kada ta faɗa rami. Ba ya biyan kowa ko kwabo. Amma dattijon bai yi laifi ba, don hukumar birnin Niyok ma kallon caca ta yi masa, ta haramta shi tun 1942, ba ta sake shi ba sai 1976. Ni dai ranar da ya shigo shagona na toshe ramin jefa kuɗin.

Kuma ba nawa ba ne. Na aminina ne, wani Alhaji ɗan gwangwan, ya haɗa shi cikin tarkacen wani tsohon otal da aka rushe. Yaransa har sun ɗauko guduma, su tagullar taransifoma suke hange, sai ya goge ƙurar gilashin da ke tsaye a kan injin ya ga fuskar Muhammadu Ali. Kamfanin Stern na Shikago ne ya ƙera shi a 1980, sunan injin ma ke nan, Ali. Duk wanda ya kai shekarunmu ya san yadda aka hana ido barci a gindin rediyo a 1974, daren da Ali ya kayar da Joj Foman a Kinshasa. Alhaji ya ce wannan kam ba za a sa masa guduma ba. Ya sa aka ɗauko shi har nan Agege, tunda ya san na shekara arba'in ina gyaran rediyo da talabijin.

Aikin farko ba shi da gardama. Na duba taransifoma na tabbatar an ɗaura ta a kan wutarmu ba a kan ta Amurka mai bolt ɗari da 'yan kai ba, na canja fis, na kankare inda tsohon batir ya yi yoyo ya ci fanel, na sa masa sitabilaiza saboda halin NEPA da janareta. Yara masu koyo, ku ji: lambobin da ke nuna maki suna aiki ne da wuta kusan bolt 190, ba wurin tura yatsa ba ne. Da ya tashi ya yi kukansa na farko, sai rigima ta ɓullo ta inda ba a zata ba, wajen ƙwan fitila.

Injin nan yana da ƙananan ƙwayayen fitila ɗari da 'yan kai, kowane bai fi kan ɗan yatsa ba. Wasu suna bayan gilashin hoton, wasu a gefen filin wasan ƙarƙashin robobi, wasu kuma a ƙasan katakon suna haska 'yan tagogi masu launi da ke gaya wa mai wasa inda zai harba. Lambarsu 44, masu gindin murɗawa, kana turawa ka juya kaɗan su kama. Ina ganinsu na gane su, domin irinsu ne ke haska fuskar tsofaffin rediyoyin nan masu bawul, bolt 6.3. Fiye da rabi sun mutu, sauran sun yi baƙi ƙirin.

Ga lissafin da ya sa ban mayar da irinsu duka ba. Kowane ƙwai mai lamba 44 yana jan rubu'in amfiya, wato sama da wat ɗaya da rabi. Guda ɗari idan suka kama tare, wat ɗari da hamsin ke nan da ɗoriya, kuma mafi yawansa zafi ne ba haske ba, a cikin akwatin da ke rufe ruf. Shaidar tana jikin injin. Robobin sama sun lanƙwashe kamar ganda a wuta. Haƙoran filogin da ke ɗauke wutar daga fanel sun ƙone. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gilashin hoton. Ba takarda aka manna ba, fenti ne aka buga a bayan gilashin, kuma daidai saitin kowane ƙwai fentin ya fara tsattsagewa yana neman ɓarewa. Zafi ya gasa shi da rana, danshin Ikko ya jiƙa shi da dare, shekara da shekaru. Fanel idan ya ƙone ana gyarawa. Fuskar Ali idan ta zube, a ina zan samo wata a Alaba? Shi kuwa LED yawanci ko rabin wat ba ya ci, kana iya riƙe shi yana kunne. Wannan kowa ya yarda da shi.

Inda muka rabu shi ne wane LED. Alhaji ya ce a sa wanda ya fi kowane haske, fari tas, domin ya samu mai saye, wani mai tara kayan da daga wajen Ikoyi, kuma a cewarsa ido ke sayen kaya. Ɗan ƙanena da ke koyon aiki a wurina shi masu canja launi yake so, ja ya koma kore ya koma shuɗi, irin na jikin Keke Napep. Ya ma riga ya je Ladipo ya dawo da ƙwayayen dashbod na mota cikin leda yana murna, wai ga su nan da araha kuma gindinsu ɗaya. Gindin kam ɗaya ne, sun shiga holda daram. Sai dai na mota bolt 12 ne, a kan bolt shida wasu suka yi ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kwana, wasu ko motsi. Kama da wane ba wane ba ne.

Masu bolt 6.3 na zaga ban samu a kusa ba, dole sai ta intanet daga waje, da dala. Kuɗin Alhaji ne, kuma ba ciniki ne da za a ce a mayar a canjo ba. Don haka na ce a fara aiko da 'yan kaɗan kala-kala mu gwada kafin a zuba kuɗi.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya da ni, don wannan ya shafi har ƙwan da ke ɗakinka. Fari ba iri ɗaya ba ne. Duba kwalin ƙwan da ka saya, za ka ga lamba da harafin K a ƙarshe. Idan ka ga 2700K ko 3000K, farin ne mai ɗan rawaya-rawaya, ɗan uwan hasken tsohon ƙwai da na fitilar ƙwai. Idan ka ga 6500K, shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi da ya cika kasuwa. Mu kuwa idan mun je saye tambaya ɗaya muke yi: wanne ya fi haske? Ba mu tambayar wane irin haske.

Wanda ya zana hoton nan a 1980 bai san LED mai fari ba, babu shi a lokacin. Ya haɗa fentinsa ne yana sane da cewa haske mai rawaya zai ratso ta bayansa, ja da ruwan ƙasa da ruwan goro duk da wannan lissafin ya zuba su. Da samfurin ya iso na jira aka yi Isha'i, na sa masu shuɗi-shuɗi a rabin gilashin, masu ɗumi a ɗaya rabin, na kira Alhaji, na kashe fitilar shago. Wallahi gefe guda Ali ne kamar yadda muka san shi, fata tana sheƙi, jini a jika. Ɗaya gefen kuwa ya yi toka-toka kamar wanda ya tashi daga jinya a lokacin hunturu bai shafa mai ba. Jan ya koma wani iri, rawayan ya karkata zuwa kore. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, cire wa bawan Allah wannan, ba haka na san shi ba."

Daga ranar idona ya buɗe a kan teburan masu tsire na bakin titi. Da can fitilar aci-balbal ko jan ƙwai suke kunnawa, nama ya yi jawur, mai yana ƙyalli, yawunka ya tsinke tun daga nesa. Yanzu da yawa sun rataya farar fitilar caji mai shuɗi, tsire ya fito fari-fari kamar ya kwana biyu. Naman ɗaya ne, wutar ce ta ci amanarsa. Masu goro da masu atamfa ma su gwada su gani. To, mu koma kan inji.

Bayan launi sai kan ƙwan. Akwai mai kai garau kamar ruwa, akwai mai kai dushi-dushi kamar an shafa masa alli. Tsohon ƙwai ko'ina yake watsa haskensa, shi kuwa LED gaba yake harbawa kamar tocila. Sa mai garau a bayan gilashi, sai ka ga ɗigo-ɗigon haske a jikin hoton, ana iya ƙirga ƙwayayen daga waje, kuma duk inda fenti ya tsage sai ya tona asirinsa. Mai dushi-dushi shi ke baza hasken ya kwanta. Shi na zaɓa wa gilashin da gefen fili gaba ɗaya, kuma mai matsakaicin ƙarfi. Filin wasan yana ƙarƙashin gilashi ne, ƙwallon ma kamar madubi take, haske idan ya yi yawa sai ya dawo maka cikin ido ka nemi ƙwallo ka rasa.

'Yan tagogin ƙasa ne kaɗai ɗan ƙanena ya samu rabonsa. Jar taga ta fi kyau da jan LED, koriya da kore, shuɗiya da shuɗi. Amma rawaya da fara da ruwan lemo, farin nan mai ɗumi ya fi musu. Ya yi ta gunaguni wai Baba ya hana a waye, na ce ya bari in ya sayi nasa injin.

Sai kuma abin da ya ci mini kwana uku. Fitilun injin kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke kunne koyaushe, su kai tsaye suke shan wutar AC daga taransifoma, don haka dole a sayi LED da aka yi don AC da DC duka, wanda ba ya zaɓen fuska. Akwai kuma na tagogin, waɗanda ƙwaƙwalwar injin ke kunnawa tana kashewa. Su ina sa musu LED sai suka kama ƙyaftawa kamar mai ciwon ido. Sanannen hali ne na injinan Stern da Bally na wannan zamanin. Kowace fitila tana da ɗan makunni a kan fanel, ana ce masa SCR. Ɗabi'arsa kamar ƙyaure ne mai sifirin: ƙwaƙwalwa ta tura shi ya buɗe, amma ba ya tsayawa a buɗe sai in akwai isasshiyar wuta tana wucewa ta cikinsa. Tsohon ƙwai acici ne, yana riƙe ƙyauren. LED ba ya ci sosai, sai ƙyauren ya riƙa rufewa yana buɗewa. Wato ƙarancin cin nan da muke yabo shi ne ya zama matsala.

Maganin bai kai kuɗin danfo ba. Ɗan rizisto mai om 470, mai zanen rawaya da shunayya da ruwan ƙasa, a liƙa shi da dalma tsakanin ƙafafun kowace holda, ya ƙara ɗan jan wuta. Ana sayar da fanel na zamani da ke maganin abin gaba ɗaya, amma dala ce kuma. Na zaɓi ciwon baya. Na ɗaga katakon, na yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, yaron yana riƙe mini tocila.

Akwai wurin da na ƙi sa LED sam, wato kewayen hannuwan nan biyu, inda idon mai wasa yake zama. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. 'Yar wayar cikin tsohon ƙwai ba ta samun damar hucewa a tsakani, haskenta a tsaye yake. LED kuwa yana bin wutar yana ɗaukewa yana dawowa, ido ba ya gani sai abu mai gudu ya gifta, sai ka ga ƙwallo ɗaya ta zama uku a jere. A nan na bar tsofaffi kamar goma sha biyu, amma masu lamba 47. Gindinsu ɗaya da 44, bolt ɗaya, sai dai su kashi uku cikin biyar na wutar 44 suke ja, zafinsu da sauƙi. Daga cikin matattun rediyoyin da ke saman kanta na ciro su.

Mutumin Ikoyi ya zo makon jiya. Alhaji ya sha babbar riga yana jiran yabo. Mutumin ya buɗe bayan gilashin, ya ga LED, ya ɓata rai. Ashe shi ko ɗaya ba ya so, wai injin 1980 sai ƙwan 1980, mun ɓata masa asali, don haka a rage kuɗi. Na nuna masa inda fentin ya tsage, na ce Oga, wannan gilashin ba zai ƙara jure shekara biyar a gasa ba. Na ɗauko masa gwangwanin Bournvita da na tara tsofaffin masu rai a ciki, na ce babu abin da na yanke, babu holdar da na canja, duk ranar da ya so ya murɗe waɗannan ya mayar da waɗancan, rizisto ba zai hana su kamawa ba. Ya buga wasa biyu, ya yi shiru, ya buga na uku. Ya faɗi kuɗi, Alhaji ya ce albarka.

Har yau ba su daidaita ba, kuma na lura Alhaji ba ya gaggawa, kullum bayan Magariba sai ya ɓullo wai ya zo duba kayansa. Biyu daga cikin 47 ɗin nan sun riga sun mutu, girgizar hannuwan ce ke tsinka musu waya. Duk wanda ke da tsohuwar rediyo mai bawul a ƙarƙashin gadon tsohonsa, don Allah kada ya ba yaran Alhaji ita a kan kilo. Ya kawo mini shago in duba bayan fuskarta tukuna.