Gaban Tsamiya: Darasin Da Na Samu A Dajin Birnin Gwari

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin tafiyar da na yi zuwa Birnin Gwari, domin na samo wani darasi da ba na so in riƙe ni kaɗai.

Garin nan yana yamma da Kaduna, tafiyar wajen mil 75 ce ta kan Buruku da Udawa, bisa hanyar da ta wuce Tegina. Dab da shi akwai dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe a 1936, aka mai da shi gandun Gwamnatin Tarayya a 1999. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Kowa ya san wahalar da mutanen ƙasar suka sha a hannun ɓarayin daji, har kasuwar shanu ta yi shekaru a rufe. Da aka yi sulhu aka buɗe ta a watan Nuwamba na 2024, sai zuciyata ta ƙarfafa, na tashi da ɗan ƙanena, wanda ya yi karatun boko mai zurfi, don mu gai da wani aminin mahaifina a wani ƙauye na bakin dajin.

Da muka bar mota muka hau babur, yaron ne ke tuƙi. Muka iske wani tsohon maharbi, muka gaisa, na tambaye shi hanya. Ya ce, "Malam, ku miƙe arewa, ku bar rana a hagunku. In kun ƙetare rafi za ku hango wata babbar tsamiya. Hanyarku tana gaban tsamiyar nan, ta yi gabas."

Muka ƙetare rafi, ga tsamiya. Kafin mu kai gindinta sai ga wata 'yar turba ta yi gabas, yaron ya karya ya bi ta. Na ce, "Kai, ba nan ba ne." Ya ce, "Baba, ai ga ta nan a gaban tsamiya, tsakaninmu da ita." Na yi shiru, don na ɗauka mai karatu ya fi ni. Muka yi ta kutsawa, ba gona, ba ɗan'adam, sai kukan tsuntsaye, rana kuwa tana ta yin ƙasa. Tsoro ya kama ni, gama dajin nan ba wurin kwanan baƙo ba ne. Allah ya taimake mu da wani mai itace, ya komo da mu, ya nuna mana hanyar tana can bayan an wuce itacen.

To, jama'a, wa ya yi kuskure? Tsohon nan daidai ya faɗa. Bahaushe in ya dubi abin da ba shi da fuska, kamar itace ko dutse, yakan ɗauka ya fuskanci inda shi ma ya fuskanta, saboda haka gabansa shi ne can ƙetare. Bature kuwa yakan ɗauka itacen shi yake kallo, gabansa shi ne tsakaninsu. Yaronmu da Hausa ya ji maganar, amma da Ingilishi ya auna ta.

Kowane harshe da dabararsa. Mutanen Folan, a Turai, sukan sauya wutsiyar suna, har siffa 7 gare shi. Babban birninsu Warszawa ne, amma mai zaune cikinsa w Warszawie yake, mai zuwa can do Warszawy ya nufa, wanda ya fito daga can kuma z Warszawy ya taho. Mu kuwa a wutsiyar aiki muke sa alamar: fita da fito, shiga da shigo, kai da kawo, koma da komo. Harafi guda ya isa ya gaya maka ko mutum ya nufo ka ko ya ba ka baya. Har suna ma mukan taɓa shi, mu ce a ka, a baka, a zuci. Daga jikinmu kuma muka aro bakin rafi, da gindin itace, da kan dutse, da cikin daji.

Don haka ina kira ga malaman makaranta su koya wa yara waɗannan kalmomi yadda iyayensu ke nufi da su. Matafiyi kuma kada ya ji kunyar sake tambaya, ya ce, "Kafin a kai, ko bayan an wuce?" Matambayi ba ya ɓata.

Haza wasalam.

Wani Tsohon Malami,
Tudun Wada, Kaduna.