Na Canza Wa Motar Gidanmu Kai, Ga Abin Da Ya Biyo Baya

Jiya da yamma na tsaya a garejin unguwarmu za a duba min burki, sai na ji wani saurayi yana ce wa bakanike ya nemo masa kan inji, wato tof silinda, na wata motar da ta fi tasa ƙarfi a ɗora masa. Wai ya gani a waya, Turawa haka suke yi, mota ta koma kamar jirgi. Bakaniken ya ce ai abu mai sauƙi ne, notinan duk wuri ɗaya suke zama. Wallahi sai da gabana ya faɗi, domin wannan maganar ce aka faɗa min, kalma da kalma, kafin in jefa gidanmu a wahalar wata uku. Na ja yaron gefe na ba shi labarina. Da na dawo gida sai na ga gara in rubuta, ko wani zai amfana.

Kowa ya san halin da masu mota suka shiga. Tun da aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000. Darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, cikakken inji ɗan Beljiyam ma sai wane da wane. Shi ya sa in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka ga ana ta haɗe-haɗe, kai daga wannan inji, gindi daga wancan. Ban ga laifin kowa ba, rashi ne. Amma haɗin yana da ƙa'ida, ni kuma sai da na sha wuya na san ta.

Motarmu Golf 3 ce mai dogon baya, ƙirar Jamus, irin waɗanda aka fara fitarwa a 1993. Da kuɗin gadon mahaifinmu muka saye ta, saboda haka ba tawa ba ce ni kaɗai. Akwai kason Hajiya a ciki, akwai na ƙannenmu mata biyu. Ƙanena ne yake jan ta, yana lodin Kano zuwa Jos, abin da ya kawo da shi ake cefane a biya kuɗin makaranta. Injinta mai lita 2 ne, bawul 8, ƙarfin doki 115. Ba ta da wata matsala sai ɗaya: in aka cika ta da mutane da kaya, an wuce dajin Falgore an wuce Saminaka an fara hawan Jos, sai ta riƙa nishi. Wannan ma ba laifinta ba ne duka. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, iska ba ta da kauri kamar ta ƙasa, kowane inji marar tabo sai ya rage ƙarfi a can.

Wata rana ta yi zafi a hanya, tiyon lagireto ya fashe, gaskit ya ƙone. Kan injin na alminiyam ne, gindin kuma baƙin ƙarfe, in zafi ya yi yawa kan ne yake fara lanƙwasa. Gyaran da ya kamata shi ne a kai kan a goge fuskarsa ta daidaita, a sa sabon gaskit, a ci gaba da nema. To a nan ne ni mai ɗan karatu na shigo da nawa ilimin. Na karanta cewa kamfanin ya yi wani injin mai lita 2 ɗin dai, amma bawul 16, mai ƙarfin doki 150. Faɗin silinda ɗaya, milimita 82.5, tafiyar fistin ɗaya, milimita 92.8. Na ce to ai bambancin duk a kai yake, in muka ɗora kan mai 16 mun sami ƙarin doki 35 a araha.

Ƙanena ya ce, "Yaya, mu bar ta yadda aka ƙera ta mana. Ni da nake jan ta ban yi kuka ba." Na ce masa shi direba ne kawai, ya bar wa masu karatu wannan. Har yau in na tuna wannan maganar kunya nake ji.

Kan ya zauna a kan gindin kamar don shi aka yi, notina goma suka shiga ramukansu. Daga nan aka fara kiran waya. Manifol ɗin shigar iska bai dace ba, sai an sayo na mai 16. Na fitar hayaƙi ma haka. Distiributa a tsohon injin a jikin gindi take, a sabon kan kuma a gefen kai take zama. Bel ɗin taimin da ƙafafunsa daban ne. Kowace safiya sai bakanike ya ce saura abu ɗaya. Kuɗin da na ware suka ƙare, na ci bashi a wurin aiki, motar kuma tana kan dutse sati biyar ba ta kawo ko sisi ba. Birenbos, wato kwamfutar da ke auna mai da wuta, shi ne muka ce a bar tsohon tunda mota ta tashi.

Ta tashi kam, ƙararta ma har daɗi. Amma ranar da ƙanena ya yi lodin farko, daga Jengre ya kira ni. "Yaya, motar nan ta mutu a tsaye. Inda nake hawa da giya uku yanzu sai na dawo biyu. Ga mai tana sha kamar rami." Ya dawo Kano, bayan ya cire kuɗin mai da na tasha, abin da ya rage bai kai rabin na da ba. A wannan zamanin da mai ya zama zinariya, ni na mayar da motar gida mashayiya.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani dattijon bakanike, irin waɗanda suka koyi aiki tun zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna. Bai yi min faɗa ba. Ya sa yara suka sauke kan, ya kifa shi a kan benci, ya shafa girisi ya ɗora ɗan gilashi mai huda a kan ramin da mai yake ƙonewa, sannan ya ɗauko sirinji irin na asibiti yana ɗura ruwa yana ƙirgawa. Ya koma kan fistin ya yi haka. Sai ya ce, "Ɗana, zo ka gani. Fistin ɗinka mai kwarmi ne kamar akushi, saboda tsohon kan raminsa ƙarami ne, rabin ɗakin wutar a cikin fistin yake. Shi kuma wannan kan da ka sayo raminsa babba ne, don an yi shi ne da fistin mai shafaffen kai. Ka haɗa kwarmi da kwarmi, me zai matse iskar?"

Ga lissafin yadda ya nuna min a bayan kwalin filogi. Kowace silinda tana jan sisi 496. In fistin ya hau sama, a injin asali wurin da ya rage bai wuce sisi 55 ba, wato an matse iska da mai kusan ninki 10. A haɗin da na yi wurin ya koma wajen sisi 70, matsin ya faɗo zuwa ninki 8. Ƙarancin matsi kuwa shi ne ƙarancin ƙarfi da yawan shan mai. Ga shi kan mai bawul 16 sai inji ya ɗau juyi sosai yake nuna kansa, mu kuma abin da muke buƙata ƙarfin jan kaya ne a ƙaramin juyi. Ga tsohon birenbos yana ba da mai da wuta da lissafin injin da babu shi. Doki 35 ɗin da na hango ba a cikin kai kaɗai suke ba, suna cikin kai da fistin da manifol da kwamfuta gaba ɗaya.

Na ce, "Baba, to su waɗanda muke gani a waya fa?" Ya ce ba ƙarya suke ba. Kuma gaskiyarsa. A Amurka masu Honda sun daɗe suna ɗora kan B16A mai VTEC a kan gindin B18B, amma sai sun jawo wa kan bututun baƙin mai na musamman, sun gyara wurin zaman fil, sun canza kwamfuta sun saita ta. Shi kansa haɗin da na yi, masu Volkswagen a waje suna yin sa da gangan, don suna son matsin ya sauka ne su ɗora tabo. Su sun san abin da suke nema, kuma motar wasa ce, in ta fashe suna da ta zuwa aiki. Ni na kwaikwayi rabin aikin da motar da take ciyar da mutum tara.

Da a ce akasin haka na yi, matsin ya yi yawa, da abin ya fi muni. Inji zai riƙa ƙwanƙwasa, fistin ya narke, ko bawul ya daki fistin komai ya tashi aiki. Dattijon ya ce ya ga irin wannan ba sau ɗaya ba.

Allah ya taimake ni ban sayar da tsohon kan ba. Aka goge shi, aka sa sabon gaskit da sababbin notina, don na irin wannan injin miƙewa suke yi in an ɗaure, ba a maimaita su. Da sifana mai awo ya ɗaure, daga tsakiya zuwa gefe, ba da faifan da ake zura wa sifana a hau da ƙafa ba. Ya mayar da tamostat ɗin da aka taɓa cirewa, ya ce a daina zuba ruwan rijiya zalla a lagireto. Motar ta koma yadda take, tana nishinta a hawan Jos, tana kawo cefane. Kan mai 16 na sayar da shi da asara.

Abin da ya fi min wuya shi ne zama gaban Hajiya in faɗa mata gaskiyar inda kuɗin wata uku suka tafi. Ta saurara har na gama, sai ta ce, "Ka ba ƙaninka haƙuri, shi ka raina." Na ba shi. Bashin kuma daga albashina na biya, ban taɓa kuɗin mota ba.

Saboda haka duk wanda aka ce masa a canza kan inji, ban ce kada ka yi ba. Ka yi tambaya huɗu kafin a kwance noti ko ɗaya. Lambar injin da aka ciro kan mece ce, kuma ta dace da taka? An auna ramin kan da na fistin, matsin nawa zai zama? Ramukan ruwa da na baƙin mai sun hau kan na gaskit daidai? Me da me za a canza bayan kan, kuma nawa ne jimillarsu? In bakanike ya ce maka "ai notinan ɗaya ne" ya tsaya a nan, ɗauki makullinka ka nemi wani. Mu kuma masu mota mu daina matsa musu su yi abin da muka gani a waya, don sau da yawa mu ne muke kawo shawarar, su kuma ba sa son aiki ya wuce su.

Yaron jiya ya karɓi lambata, ya ce zai yi tunani. Makanikai da direbobin da ke bibiyata, in akwai inda na yi kuskure a bayanin nan ku gyara min, ni ma ɗalibi ne da ya biya kuɗin makaranta da tsada.